An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsokaci Kan Mutum-mutumin Medusa



A watan Oktoba na shekarar 2020 aka kafa wani mutum-mutumi na tagulla a wani ɗan dandali da ke birnin New York na Amurka, daura da babbar kotun hukunta masu laifi ta yankin Manhattan. Siffar mace ce a tsaye, tsawonta ƙafa 7, gashin kanta macizai ne, ta riƙe takobi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma yankakken kan wani namiji. Wanda ya ƙera shi Luciano Garbati ne, mutumin Ajantina mai tsatson Italiya, ya kuma raɗa masa suna "Medusa da kan Farsiyus". Ya yi watanni a wurin, jama'a suka yi ta muhawara a kansa, wasu na yabo, wasu na kushe. Na daɗe ina juya al'amarin a raina, ga kuma inda na tsaya: Garbati ya kyauta da ya sake buɗe wata tsohuwar shari'a da aka rufe bisa zalunci, amma da ya zo yanke hukunci sai ya bar jaki ya doki taiki.

Na san wani zai ce mene ne haɗin ɗan makarantar allo da gumakan Girkawa. Tambaya ce mai kyau. Hukuncin sassaƙa surar mai rai sananne ne a wurin malamanmu, ba kuma ina kiran kowa ya kafa irinta a ƙofar gidansa ba ne. Ababen bautar da za a ambata a nan tatsuniya ce, an daɗe da watsar da bautarsu. Sai dai sanin labaran al'ummomin da suka gabata ba baƙon abu ba ne a gidan ilimin Musulunci. Masanin taurari Abdurrahman as-Sufi, wanda ya rasu a shekarar 986, ya wallafa littafinsa kan siffofin taurari wajen shekarar 964. A cikinsa akwai tarin taurarin da Girkawa ke kira Farsiyus, wanda Larabawa suka laƙaba wa Hamilu Ra'asil Gul, wato mai ɗauke da kan dodo. Wannan kan dodon shi ne kan Medusa. Masu fassara ba su da irin wannan halitta a labaransu, sai suka sa gul na sahara a gurbinta, har a wasu kwafe-kwafen littafin aka zana kan da gemu. Tauraron da ke wannan kai, Turawa har yau Algol suke ce masa, daga wannan kalma ta Larabci, kuma haskensa kan dusashe duk bayan ɗan ƙasa da kwana uku saboda wani tauraro da ke giftawa ta gabansa. Ashe labarin ya ratsa hannun magabatanmu fiye da shekara dubu da ta wuce, sun karɓe shi, sun sauya masa riga, ba su kuwa bauta wa kowa a cikinsa ba.

Ga labarin a taƙaice. Mawaƙin Girka Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci wasu 'yan'uwa mata uku da ake kira Gorgon, biyu ba sa mutuwa, ta ukun, Medusa, tana mutuwa. Duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya zama dutse. A tsofaffin zane-zane dodanniya ce sak, da haure da harshe a waje, kamar yadda aka sassaƙa ta a goshin wani ɗakin bauta a tsibirin Korfu wajen shekara 580 kafin Miladiyya. Sukan sa fuskarta a garkuwa da rufin gini don korar sharri. Shi kuwa Farsiyus saurayi ne da ke zaune da mahaifiyarsa Danaye a tsibirin Serifos. Sarkin tsibirin, Folidektis, ya ƙwallafa rai a kan uwar, ita kuma ba ta so, ɗan ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sai ya aike shi ya kawo kan Medusa, da nufin ya hallaka a can. Ababen bautarsu suka taimaki yaron da takalma masu fukafukai, da hular ɓacewa, da jaka, Atina kuma ta tsaya masa. Ya iske Medusa tana barci, ya dubi inuwarta a gogaggiyar garkuwa don kada su haɗa ido, ya fille mata kai. Da ya komo gida ya nuna wa sarki kan, sarki ya zama dutse. Daga ƙarshe ya miƙa wa Atina kan, ta maƙala shi a garkuwarta.

Bayan ƙarni bakwai sai mawaƙin Rum, Ovid, ya kawo wani ƙari a littafinsa na rikiɗe-rikiɗe, wanda ya kammala wajen shekara ta 8 Miladiyya. A ruwayarsa Medusa kyakkyawar budurwa ce da manema suka yi wa yawa, babu abin da ya kai gashinta kyau. Abin bautarsu na teku, wanda Girkawa ke kira Fosidon, ya yi mata fyaɗe a cikin ɗakin bautar Atina. Atina ta kau da kai, ta rufe fuskarta da garkuwa, sa'annan don kada abin ya wuce ba hukunci, sai ta mai da gashin yarinyar macizai. Fosidon kuwa ko kallon banza ba a yi masa ba. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: a littafin Ovid, wanda ya ba da wannan labari shi ne Farsiyus da kansa, a wajen walimar aurensa, da wani baƙo ya tambaye shi. Wato abin da duniya ta sani game da zaluncin da aka yi wa Medusa, daga bakin wanda ya kashe ta ya fito, ana ci ana sha. Ita ba a ji ko kalma ɗaya daga bakinta ba.

Mai ba da labari da baki yana da sarari, ya fara daga farko ya kai ƙarshe, ya koma baya in ya so. Mai sassaƙa ba shi da wannan damar. Lokaci ɗaya tak yake iya daskarewa a dutse ko tagulla, don haka lokacin da ya zaɓa shi ne fassararsa, shi ne kuma hukuncinsa. Wannan shi ne mabuɗin karanta duk wani mutum-mutumi da aka ɗauko daga tatsuniya. Ka tambayi kanka: cikin dogon labari me ya sa ya tsaya a nan, wa ya sa a sama, wa ya sa a ƙasa, wa kuma ya bari a waje?

Mu ɗauki aikin da Garbati ya yi wa raddi. A shekarar 1545 mai mulkin Florence ta Italiya, Cosimo na gidan Medici, ya sa maƙerin zinariya Benvenuto Cellini ya zuba masa Farsiyus da tagulla, aka buɗe shi a 1554, yana nan har yau a babban dandalin birnin. Aiki ne na ƙwarewa. Cellini ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa da narkakken ƙarfen ya fara daskarewa a matoya, sai ya sa aka kwaso kwanonin kuza na gidansa, kimanin 200, aka zuba ciki har ya sake gudana. A wannan aiki Farsiyus na tsaye bisa gawar Medusa, ya taka ta, takobi a dama, ya ɗaga kanta sama da hagu, jini na tsiyaya. Gidan Medici bai daɗe da murƙushe jamhuriyar birnin ba, wadda ta faɗi a 1530, saboda haka masana da yawa na karanta mutum-mutumin a matsayin gargaɗin mai mulki ga duk wanda zai ɗaga kai. Cellini ya zaɓi lokacin nasara, nasara kuwa ba ta tambayar yadda wanda aka taka ya kai ga wannan hali.

Wasu sun zaɓi wani lokacin dabam. Bernini, a ƙarni na 17, ya sassaƙa kan Medusa da farin dutse, yana gidan tarihi na Kapitolin a birnin Rum. Ba takobi, ba jarumi. Fuskar mace ce cikin raɗaɗi, gira a tamke, baki a ɗan buɗe, macizai na murɗawa a inda gashi yake. Ita kuwa Bafaranshiya Camille Claudel, wadda ta yi aiki tare da Rodin, ta kammala nata Farsiyus a 1902, kuma masu nazarin aikinta sun ce kamannin fuskarta ta ba yankakken kan. A 1913 danginta suka kai ta gidan masu taɓin hankali, ta zauna a tsare shekara 30 har ta rasu a 1943. Kenan tausaya wa Medusa ba Garbati ya fara ba. Abin da ya zo da shi sabo shi ne ya ɗauke takobin daga hannu ya mayar wani hannun.

Ya ƙera siffar tun 2008, ta zauna ba a san da ita sosai ba. A 2018 hotonta ya bazu a intanet, daidai lokacin da gangamin nan na MeToo ya yi ƙarfi, inda mata suka riƙa fitowa suna bayyana cin zarafin da manyan mutane suka yi musu. Kotun da aka kafa ta a gabanta ita ce aka yi shari'ar mai shirya fina-finai Harvey Weinstein a farkon 2020. Da wannan, siffar ta tashi daga aikin fasaha kawai ta zama tuta.

Kafin suka, a ba shi haƙƙinsa. Abu na farko, masu cewa ya gurɓata tatsuniyar Girkawa ba su da hujja, domin tatsuniyar ba ta taɓa zama da fuska ɗaya ba. Medusar Hesiyod dabam, ta Ovid dabam, ta littafin as-Sufi ma har gemu ta yi. Wanda ya hana Garbati sauyawa sai ya hana Ovid. Abu na biyu, ya lura da abin da idon mai gaggawa ba zai gani ba. Farsiyus na Cellini ya ɗaga kan sama yana nuna wa duniya. Medusar Garbati ta saki kan ƙasa a gefen cinyarta, ba fahariya a fuskarta, tana kallon gaba kamar wadda aka tilasta wa aikin da ba ta nema ba. Wannan bambanci ne na gaske tsakanin mai kisa don suna da mai kisa don tsira. Abu na uku, ya sa dubban mutanen da suka san Medusa a matsayin dodanniya kawai, ko tambarin kamfanin tufafi na Versace, sun koma suna tambayar yadda aka yi ta zama haka. Tambayar nan kaɗai riba ce.

To ina kuskuren? Ka dubi kan da ke hannunta. Ba na Fosidon ba ne, wanda ya keta mata haddi. Ba na Atina ba ne, wadda ta hukunta ta kan laifin wani. Kan Farsiyus ne, ɗan aike, wanda shi ma wani azzalumin sarki ne ya tura shi don ya sami hanyar kaiwa ga mahaifiyarsa. Ban wanke Farsiyus ba, domin wanda ya kashe mai barci da bai yi masa laifin komai ba, ba jarumi ba ne, ko da mawaƙa sun wasa shi. Amma a jerin masu laifi shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi rauni. Masu suka da dama, ciki har da mata masu fafutuka, sun ɗaga wannan batu tun a makon da aka buɗe siffar, wasu kuma suka ƙara da cewa namiji ne ya ƙera ta tsirara bisa ma'aunin kyau irin na Turai, alhali ana cewa muryar mata ce. Ni abin da ya fi damuna shi ne, shekara 450 da ɗoriya tsakanin Cellini da Garbati, an juya hoton gaba ɗaya, amma manyan nan biyu ba su bayyana a ko ɗaya ba. A na farko masu ƙarfi sun sa talaka ya kashe talaka. A na biyu talakan da aka kashe ya rama a kan ɗan'uwansa talaka. Fosidon yana tekunsa hankali kwance.

Masu kare Garbati suna da amsa, ba kuma ta banza ba ce. Sun ce Medusa kare kanta ta yi: mutum ya shigo mata da takobi cikin dare, me ake so ta yi? Sun kuma ce mai fasaha ba alƙali ba ne, raddi yake wa Cellini, ba ƙarar Fosidon ya shigar ba. Na yarda da duka biyun, da a ce siffar ta tsaya a ɗakin nune-nune. Amma wuri yana ƙara wa abu ma'ana. Da aka kai ta ƙofar kotu, aka ce alama ce ta adalci ga waɗanda aka ci zarafinsu, ta shiga hurumin shari'a, dole a auna ta da ma'aunin shari'a. Ƙa'idar da muka koya tun muna gaban malam ita ce ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani, kuma ramuwa ba ta zama adalci sai ta faɗa kan mai laifin, gwargwadon laifinsa. Macen da ta hau matakalar kotu da ƙararta ba takobi take nema ba. So take a saurare ta, a kira wanda ya cuce ta da sunansa komai girmansa, a yi hukunci. Siffar da ke gaya mata cewa mafita ita ce ta ɗauki makami, a ƙofar gidan da aka gina don kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, yanke ƙauna take koyarwa, ko da ba haka mai ita ya nufa ba.

Da ni za a tambaya wane lokaci ne a labarin ya fi cancantar a tsaya a kansa, sai in ce lokacin da Atina ta rufe fuskarta. Nan ne cibiyar zaluncin. Ita ce mai ɗakin, ita ake wa kirari da hikima, a gabanta aka yi ɓarnar. Amma mai laifin baffanta ne, ɗan'uwan mahaifinta Ziyus, ba ta da ikon taɓa shi. Fushin da ya kasa hawa sama sai ya gangaro ƙasa, ya sauka kan wadda ba ta da kowa. Bayan haka ta taimaka aka kashe yarinyar, ta karɓi kan ta yi ado da shi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Turawa sun saba kafa siffar mace mai ɗaure da ido da ma'auni a hannu a ƙofar kotunansu, ma'anarta alƙali ba ya duban fuskar mai ƙara ko matsayinsa. Rufe idon Atina iri dabam ne, na wanda ya ga gaskiya sarai ya zaɓi kada ya gani. Da an ajiye waɗannan biyu kusa da juna, da duk alƙalin da zai shiga ofis da safe ya tambayi kansa wanne ne shi a cikinsu.

Abin da ya sa wannan bai zame mini labarin nesa ba shi ne aikina. Shekaru ina zama gefen dattijo a zaure, riƙe da alƙalami, ina rubuta abin da aka tattauna in an kawo ƙara ko sulhu. Na koyi cewa abin da ya fi nauyi a takarda sau da yawa shi ne sunan da ba a rubuta ba. Akan kawo maganar yarinyar da aka lalata wa rayuwa, a yi ta tambayar me ya fitar da ita, wane irin mayafi ta sa, ina uwarta take. Can sai wani ya gyara murya ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da wannan karin magana an raba laifi biyu, an ba wadda aka cuta rabi. Sai a cire ta daga makaranta, a tura ta wurin gwaggo a wani gari, ko a gaggauta ɗaura mata aure da wanda ba ta sani ba. Shi kuwa ɗan gidan wane, ba a ma son a ambaci sunansa da ƙarfi. Mu da muke zaune 'yan tsiraru a ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba muna da wani ƙarin uzuri da muke fakewa da shi: kada a ji kanmu a waje, kada a ce ga halin mutanen zango. Rufin asiri abu ne mai kyau a muhallinsa. Amma idan asirin azzalumi aka rufa, aka bar wadda aka zalunta da tabon da mutane za su riƙa kau da kai in sun gan ta, to mun yi aikin Atina, mun sa mata macizai a ka da hannunmu. Ni kaina akwai zaman da na rubuta abin da aka faɗa, na yi shiru kan abin da aka ƙi faɗa, har yau kuma yana ci mini rai.

Don haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da aikin Garbati, ba na kuma cikin masu ɗaukarsa tuta. Ya yi rabin tafiya. Ya tuna wa duniya cewa wadda ake kira dodanniya tana da labari kafin a kira ta haka, wannan kuwa gyara ne da Cellini ya bari. Sauran rabin, wato kiran babban mai laifi da alƙalin da ya kau da kai, yana nan yana jiran mai yi. Ba lalle sai da tagulla za a yi shi ba. A wurinmu da baki ake yinsa, a zaure, ranar da aka kawo irin wannan ƙara, wani ya daure ya ce a fara da kiran wanda ya aikata, a kuma bar yarinyar ta faɗi nata da bakinta kafin kowa ya faɗa a madadinta.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ko a kan na jikinsu, ya kuma yafe mana shirun da muka yi a inda ya kamata mu yi magana. Wassalamu alaikum.